Kaskar Gwankin Rafin Kanya

Rabon Farfesa Ashiru da taka ɗakin kaska tun da aka yi masa aikin ido, yau shekara huɗu ke nan, matarsa kuma wata goma sha takwas da rasuwa. Ɗakin yana can ƙarshen baranda a gidansa na Nassarawa GRA, tsohon gida mai kaurin bango da dogayen darbejiya, wanda dillalai suka gaji da zarya a kansa suna so a rushe a jera shaguna. Asalinsa sito ne. Shi ya mayar da shi ma'ajiyar kwalabe, matarsa Hajiya Raudatu ta laƙaba masa ɗakin kaska, sunan ya bi shi har jikoki suka taso suka tarar ana faɗa.

Farfesa likitan dabbobi ne, amma ba irin wanda ake kai wa kyanwa don ta ƙi cin abinci ba. Shekara arba'in ya yi yana bin namun daji da shanun Fulani yana cire musu kaska, yana neman cutar da take kwasowa daga jikin wannan ta kai wa wancan. Duk kaskar da ya cire sai ya jefa ta a 'yar kwalba mai tsawon ɗan yatsa, ya cika ta da sifirit don kada ta ruɓe, sannan ya tura wata 'yar takarda a ciki mai ɗauke da abu uku: dabbar da aka same ta a jikinta, wurin, da kwanan wata. Da fensir ake rubutawa, kuma nan take a dajin, ko da ɓaunar da aka sa wa allurar barci ta fara farfaɗowa tana huci. Ɗalibansa sun sha tsawa a kan fensirin nan fiye da yadda suka sha a kan jarrabawa.

A cikin duk abin da ya rubuta, maƙala ɗaya ce ta fitar da sunansa duniya, wadda ya yi a kan gandun dajin Rafin Kanya a shekarar 1985. A cikinta ya nuna cewa kaska iri ɗaya ce take jikin gwanki da jikin shanun da suke shan ruwa a mashaya ɗaya da shi, kuma ita take kawo wa ruga cutar da ke sa saniya fitsarin jini. Bara da ƙaramar Salla 'yarsa Najla ta zo daga Abuja, ta miƙo masa waya tana murna.

"Abba, ka ga ni. Masu bincike dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu ne suka ambaci maƙalar nan a nasu aikin."

"To sai me? Dafawa za a yi a ci?"

Haka ya ce, ka ji tsoho da taurin kai. Amma kafin ta koma sai da ya sa ta nuna masa sau uku inda ake dannawa a ga lambar, kuma tun daga ranar ba a yin mako bai leƙa ba.

To, ana nan sai wani matashin mai bincike daga wata jami'a a ƙetare, wanda ko auren iyayensa ba a ɗaura ba lokacin da Farfesa yake kwana a Rafin Kanya, ya fito da tasa maƙalar. Ya ce mai yiwuwa kaskar gwanki daban, ta shanu daban, kama ce kawai suke yi a ido, kuma madubin wancan zamanin ba zai iya raba su ba. Idan haka ne, gwanki ba shi da laifi, maƙalar Farfesa kuwa ta rushe daga tushe. Cikin ladabi yaron ya rubuta, har da jinjina da godiya, kuma wallahi ladabin ne ya fi ba Farfesa haushi. Da zagi ne da ya san yadda zai yi da shi.

Hanyar raba gardama ɗaya ce. A ɗauko ainihin kaskokin da ya cire a jikin gwanki da waɗanda ya cire a jikin shanu a waccan daminar, a yi musu gwajin ƙwayoyin halitta, na'ura ta faɗi ko dangi ɗaya ne ko a'a. Kaskokin kuwa suna nan, kwalba arba'in da takwas, a akwati na bakwai. Wadda za ta yi gwajin tana hanya daga Zariya, ta ce sha ɗaya za ta yi mata a Kano.

Tun ƙarfe tara ya fito baranda ya zauna da makullin a hannu. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, ƙamshin kuma ya ɗauke shi cak ya kai shi Rafin Kanya. Ya tuna tsohuwar Landiroba da direbansa Sule, Allah ya jiƙansa, mutumin Katsina mai tsoron maciji kamar ransa, wanda duk da haka shi yake riƙe ƙahon gwanki idan an kayar. Ya tuna garken gwanki goma sha tara da suka fito mashaya da hantsi, jikinsu ja-ja, kunnuwa zaƙo-zaƙo, suka tsaya suna kallon motar ba su ko damu ba. Ya tuna Arɗon rugar da ya ƙi yarda a taɓa masa shanu sai da Farfesa ya zauna ya shanye ƙwarya guda ta kindirmo a gabansa. Bayan an raba mashaya an fara wanke shanu da magani, Arɗon nan ya aiko masa da ɗan maraƙi har Kano, aka ɗaure shi a gindin mangwaro, ya cinye wa Hajiya furanninta tas.

Allah Sarki, Hajiya. Duk ranar da ya dawo daga daji ba ta barinsa ya shiga ɗaki. A famfon bayan gida take tare shi da bokiti da sabulun salo, ta sa ya tuɓe, ta duba bayan kunne da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, tana mita. "Mazan mutane tsarabar kilishi suke kawowa, nawa kaska." Ya yi murmushi shi kaɗai, sannan kewarta ta taso masa.

Sha ɗaya da kwata mota ta shigo. Farfesa Perpetua Jesse ce, 'yar Wusasa, mace ta farko da ya taɓa ɗauka zuwa daji cikin ɗalibansa. Yanzu ita ce shugabar sashe, furfura ta fara fito mata a goshi, amma da ta iso baranda sai da ta rusuna har ƙasa kamar yadda ta saba.

"Malam, barka da hantsi. Mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Tashi, tashi, Farfesa guda kina durƙusa wa ɗan fansho. Ya maigidan? Ya hanya?"

"Lafiya lau, yana gaishe ka. A Hotoro ne muka ɗan tsaya, cunkoso."

Larai ta kawo kunun aya da dambun nama. Larai mutuniyar Ringim ce, shekara talatin tana girki a gidan, ita ta yi jinyar Hajiya har ƙarshe. Da can idan Perpetua ta zo, tsokana ce take ɓarkewa tsakaninsu, Larai tana ce mata Baturiyar Zazzau. Yau kuwa a gurguje ta gaishe ta, idonta yana kan makullin da ke hannun Farfesa.

"Alhaji, yau za a buɗe?"

"Yau za a buɗe."

"Ko a bari a ci abinci tukuna?"

"Larai, sha ɗaya da rabi wane abinci? Zo ki buɗe mana taga."

Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Warin sifirit da tsohon katako ya tarbe su. Akwatunan suna jere a kan kanta, kowanne da lambarsa da farin fenti, ɗaya, biyu, har ashirin da uku. Farfesa ya bi su da yatsa. Na shida yana nan, na takwas yana nan, tsakaninsu kuwa wayam. Sai da Perpetua ta sunkuya ta hango na bakwai a can ƙasan kanta, an tura shi lungu an rufe shi da tsohon zanen gado.

Ya ɗora shi a tebur ya buɗe. Akwatin irin mai ramuka ne, kowace kwalba tana nutse a raminta, murfinta kawai ake gani daga sama. Ya zaro ta farko ya ɗaga ta saitin taga.

Ruwan ciki shuɗi ne.

Sifirit fari ne kamar ruwan sha, idan ya tsufa ya ɗan yi rawaya. Wannan kuwa shuɗi ne garau, kaskar tana kwance a ƙasa, 'yar takardar tana tsaye a gefe fara fat, babu ko ɗigo a jikinta. Ya zaro ta biyu, haka. Ta uku, haka. Perpetua ta karɓa ta ci gaba da zarowa tana jerawa. Duk wanda ya taɓa zama a ajinsa ko na mako ɗaya ne ya san abin da ya faru. Sifirit ba ya taɓa rubutun fensir ko shekara ɗari zai yi a ciki, amma tawadar biro narkar da ita yake yi kafin gari ya waye. Kwalba arba'in da takwas, babu wadda ta tsira.

"Wane ne?" Farfesa ya ɗaga murya. "Na ce wane ne ya sa mini biro a kwalba? Wane jahilin ne? Wane mara..."

"Alhaji, kada ka ƙarasa."

Larai ce. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Don girman Allah kada ka ƙarasa, za ka yi da-na-sani. Hajiya ce."

Perpetua ta jawo kujera ta zaunar da shi.

Larai ta ba da labari tana share hawaye. Shekara huɗu da suka wuce ne, lokacin da aka yi masa aikin ido, hawan jini kuma ya kwantar da shi wata da watanni. Sifirit yana tsotsewa a hankali, dole duk bayan wata shida a bi kwalabe a ƙara, shi kuma ba ya gani. Sai ya ba Hajiya makulli da sirinji ya ce ta cika kowace kwalba zuwa wuya, kada ta taɓa komai. Ta cika ɗin. Amma Hajiya shekara ashirin da shida ta yi tana hedimistires ta firamare, ba ta iya ganin mummunan rubutu ta wuce. Ta ga takardun sun yi rawaya, rubutunsa kuma kamar tonon kaji.

"Cewa ta yi, Larai, idan ta Allah ta kasance a kan bawan Allahn nan, wa zai iya karanta wannan? Wahalarsa ta shekara arba'in ta tafi a banza ke nan. Ta aika aka sayo takarda mai kyau da sabon biro. Ta ce da na bakwai za ta fara, don shi ka fi so. Ta juye kwalaben a faranti, ta goge akwatin, ta dinga zaro tsohuwar takarda tana kwafewa tana sa sabuwa, tana mayar da kwalba rami. Tun bayan azahar har aka kira magariba."

"Tsofaffin takardun fa?" in ji Perpetua da sauri.

"Ni na share su da hannuna, Dakta. Mai lambu ya haɗa da ganyen darbejiya ya ƙona a ranar."

Washegari Hajiya ta shigo za ta fara na takwas, ta zaro kwalba ɗaya a na bakwai don ta ƙara ganin aikinta. Larai ta ce daga kicin ta jiyo salatinta. Ta tarar da ita zaune daɓas a ƙasa, kwalabe a cinyarta.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Likita ya ce kada a tayar maka da hankali. Da ka warke kuma sai ta kasa, ta ci gaba da ƙara sifirit da kanta don kada ka shiga. Sau uku tana sa ni in yi maka dambun shinkafa, ta ce idan ka ci ka ƙoshi za ta faɗa. Kana gamawa sai ka kama labarin Rafin Kanya, kana dariya, sai in ga ta tattara kwanuka ta fito. Da ciwo ya kwantar da ita ta riƙe hannuna ta ce, ranar da ya buɗe ɗakin ki gaya masa ni ce, kada ya zargi kowa, kuma ki ce ya yafe mini."

Fushi ne ya cika Farfesa, fushi na gaske, kuma bai san inda zai kai shi ba. Da tana raye da ya yi faɗan da maƙwabta za su jiyo, ita kuma ta rama, don Hajiya ba ta barin ta kwana, su yi kwana biyu ba sa magana sannan a shirya. Yanzu wa zai yi wa? Shekara biyu da rabi tana zuba masa shayi, tana miƙa masa hula, da wannan abu a ranta, shi kuwa yana ta zuba mata labarin gwanki kamar rediyo. Haushinta da tausayinta suka haɗu suka tokare masa ƙirji.

Ya jawo akwatin gabansa. Can sai ya ce, "Perpetua, ba ni fensir."

Ta ciro daga jakarta ta ba shi. Ai ɗalibarsa ce, ba ta fita babu shi.

"Na san kayana. Kullum na daji a hagu nake sa su, na shanu a dama."

"Larai ta ce a faranti aka juye su, Malam."

"To ai ina gane su. Kin ga wannan mai tsagaggen murfi? Ta babban namijin nan ce da muka kayar a mashaya, ranar da Sule ya faɗa taɓo. Ina ganin ranar kamar jiya. Wannan kuma mai guntun wuya..." Ya yago takarda daga littafin da ke tebur, ya fara rubutawa: gwanki, Rafin Kanya, Agusta. "Ko shida na tuna sun isa. Uku na gwanki, uku na shanu. Jinin da ke cikinsu fa, na'urar taku ba za ta faɗi na wace dabba ba ne?"

"Ya tsufa, Malam. Irin kaskar za ta iya faɗa, amma ba jikin da aka cire ta ba. Wannan takarda ce kaɗai take faɗa."

"To ga takarda ina rubutawa."

Perpetua ta bi hannunsa da kallo. Tana son tsohon nan kamar mahaifinta, kuma ta san idan ta ɗauki kwalaben nan shida ta tafi, babu mahalukin da zai taɓa sani. Ta sassauta murya.

"Malam, a ina aka rubuta wannan?"

Fensirin ya tsaya.

Tambayarsa ce. Shekara talatin da suka wuce, a tafiyarta ta farko, ruwa ya kore su daga daji, ta bari sai da suka dawo masauki ta zauna ta rubuta takardun kwalabe goma sha biyu daga ka, tsaf-tsaf. Ya ɗaga ɗaya ya ga babu laka, babu jini, babu alamar yatsa, ya ce, a ina aka rubuta wannan? Ta ce a masauki, amma ta tuna komai. Ya tuttular da aikinta na kwana huɗu a kwata a gaban sauran ɗalibai, ya ce tunani ba shaida ba ne, kowa yana tuna abin da yake so ya zama gaskiya. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rantse ta bar karatun. Hajiya ce ta rarrashe ta a wannan gidan da tuwo da miyar kuka.

Farfesa ya dubi kwalbar mai tsagaggen murfi. Tsakaninsa da Allah, kwalabe nawa ne murfinsu ya tsage a shekara arba'in? Kuma ranar da Sule ya faɗa taɓo, gwanki suka kayar ko kanki? Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya dunƙule takardar ya jefa a kwando.

"A teburi aka rubuta," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

"Sai mu koma Rafin Kanya, Malam. Ina da mota, ina da ɗalibai. Mu ciro sababbi."

"A jikin wa? Rabon da a ga gwanki a Rafin Kanya tun kafin a yi wa Najla aure. Na je da kaina shekara goma sha biyu da suka wuce. Mashayar nan gonar riɗi ce yanzu, an sare kanyoyin an yi gawayi. Abin da ya rage na garken nan a duniya shi ne abin da ke cikin kwalaben nan, ga shi kuma ban san wanne ne nasu ba."

Aka kira azahar a masallacin layin. Ya tashi ya yi alwala ya tafi, ya bar su. Da ya dawo ya tarar Perpetua ta mayar da kwalaben ramukansu, tana zaune a baranda, Larai kuma ta kawo abinci babu wanda ya taɓa. Fuskarsa ta sauka, amma ya tsufa a cikin 'yan awannin nan.

Perpetua ta so ta ba shi baki. Ta ce maƙala ɗaya ba ita ce aikinsa ba. Ita kaɗai ta yaye daktoci goma sha bakwai, kowanne da fensir a aljihu. Ta ce bara a wani taro a Yamai wata yarinya 'yar Chadi ta nuna mata kwalabenta, ta ga dabba, wuri, kwanan wata, a jere yadda yake jerawa, da fensir. Ta tambaye ta wa ya koya mata, yarinyar ta ambaci sunan wani, wanda ɗalibin ɗalibinsa ne. Yarinyar ba ta taɓa jin sunan Farfesa Ashiru ba.

"Har Chadi," in ji shi.

"Har Chadi, Malam."

"Na gaya wa Zariya, na gaya wa Maiduguri, ga shi har Chadi an ji. Ɗalibi ko na diploma ne, ranar farko nake gaya masa abin da sifirit yake yi wa biro. Mutum ɗaya ce ban taɓa gaya wa ba." Ya nuna cikin gidan da haɓarsa. "Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ita take wanke mini kayan daji, ita take ciyar da ku idan kun zo. Ban taɓa zaunar da ita minti biyu na ce, Hajiya, kin ga dalilin fensirin nan ba. Kada ki taɓa, shi kaɗai na iya faɗa mata, kamar ina magana da ƙaramar yarinya."

Ya juya wajen Perpetua.

"Buɗe kwamfutarki. Za mu rubuta wa mujallar, a aika wa yaron nan kwafi."

Ya faɗa tana bugawa. Ya gode wa matashin a kan tambayarsa, ya ce tambaya ce mai kyau wadda ta cancanci amsa. Ya ce kaskokin Rafin Kanya suna nan, amma takardun shaidarsu sun lalace, ba za a iya sanin wacce aka cire a jikin gwanki wacce a jikin saniya ba, don haka ba shi da hujjar da zai kare maƙalarsa ta 1985, kuma duk mai ambatonta daga yau ya ambace ta tare da wannan shakkar. Ya ce sauran akwatuna ashirin da biyu lafiyarsu ƙalau, ya miƙa su ga sashen Farfesa Perpetua, ƙofa a buɗe take ga duk mai son dubawa, har da shi matashin.

"Sai ki ƙara: takardun sun lalace a hannuna, saboda sakacina."

Ta ɗago. "Malam, ba sai an faɗi na wa ba ne. Ana iya cewa sun lalace kawai."

"Za su tambaya. Kuma ba rufa mata asiri nake yi ba, gaskiyar ke nan. Rubuta."

Ta rubuta. Ya karɓa ya karanta da tabarau sau biyu, ya gyara waƙafi ɗaya, ya ce ta aika. Ya san lambar nan da yake leƙawa duk mako za ta ci gaba da hawa, sai dai yanzu rabin masu ambatonsa za su riƙa cewa ne ga wanda bai tabbata ba. Ya san kuma zai koma ga Allah bai san ko shi ne da gaskiya ko yaron ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai ɓoye ba.

Da la'asar aka loda akwatuna ashirin da biyu a bayan mota, aka sa katifa a tsakaninsu don kada su fashe a hanya. Perpetua ta tsaya a kan na bakwai.

"Wannan fa, Malam? Ko don koyar da ɗalibai..."

"Bar shi. Ai rubutunta ne a ciki."

Motar ta fita, maigadi ya rufe ƙofa. Larai ta zo kwashe kwanuka tana sanɗa kamar mai laifi. Ya kira ta, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Na yafe mata, Larai, duniya da lahira. Ke ma na yafe miki. Allah ya sa ita ma ta yafe mini."

"Amin, Alhaji. Amin."

Ta yunƙura za ta tashi, ya ce, "Tsaya. Ranar da take rubutawar, kafin ta san abin da zai faru. Yaya take?"

Sai ga murmushi ya ɓullo wa Larai a cikin hawaye.

"Kai, Alhaji, kamar mai shirin biki. Ta sa tabarau, ta ja layi da rula don kada rubutun ya karkace. Wani sunan dabbar idan ya gagare ta karantawa sai ta yi tsaki ta ce, ji mutum wai farfesa, da a ajina yake da ya sha bulala. Tana yi tana tambayata, Larai, kin san gwanki? Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba, amma yau ta rubuta sunansa sau ashirin da wani abu. Ta ce ranar da aka kwance maka ido, nan za ta fara kawo ka."

Farfesa ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Zauna sosai, Larai," ya ce. "Faro mini daga farko, daga inda ta aika a sayo takardar. Kada ki tsallake komai."